Godiya ga garejin da ya gano ciwon Prado ɗina

Assalamu alaikum. Wannan godiya ce ta musamman ga Oga mai garejin nan na kan titin Zariya a Kano da yaransa, musamman matashin da ke riƙe da kwamfutar duba mota. Na yi muku godiya baki da baki amma wallahi ban ga ta isa ba, shi ya sa na kawo ta nan.

Motata Prado ce ƙirar 2005 mai injin V6, tsohuwa ce amma ita ce ƙafata, da damina idan hanyar gonata ta wajen Doguwa ta caɓe ita kaɗai ke shiga ta fito da fowil, wato giyar da ke jan tayoyi huɗu. Tun farkon hunturu wutar cek injin ta kama ta ƙi mutuwa, silo ya daina tsayawa, in na tsaya a danja sai ta dinga karkarwa, ga shan mai ya ƙaru, kuma kowa ya san inda fetur ya kai tun da aka cire tallafi a 2023.

Ba irin yawon da ban yi da motar nan ba. Wannan ya ce fulogi ne, aka canza. Wancan ya ce nozul, aka wanke. Wani ko buɗe bonet bai yi ba ya ce fil famfo. Akwai wanda ya sa mata kwamfuta ya goge lambar matsalar da ta nuna kawai ya karɓi kuɗinsa ya ce an gama, washegari wuta ta dawo, da na koma sai ya ce ai birenbos, wato ƙwaƙwalwar injin, shi ne ya fara taɓuwa sai dai a sayo wani. Wani mai rewaya kuma da gaskensa ya ce in wutar ce ke damuna bari ya cire ƙwan. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne wanda ya dage indomin salansa, wato matatar da ke tace gubar hayaƙi, ita ce ta toshe, a fasa a zubar mota ta samu numfashi, har yana cewa ba sai na biya kuɗin aiki ba. To dama ina zai karɓi kuɗin aiki, abin da ke ɗauke da platinum da palladium da rhodium, masu saye suna nan suna jira? Nan na ja motata na tafi.

A garejinku kuwa, abin da ya fara ba ni mamaki yaron nan sai da ya zauna ya tambaye ni yaushe abin ya fara, da sanyin safiya ya fi ko in inji ya yi zafi, me da me aka taɓa. Da ya jona kwamfuta ya juyo min da ita ya ce Alhaji duba da idonka. Lambobi uku ne, P0171 da P0174 da P0420. Ya ce biyun farko na nufin iska ta fi mai yawa a duka ɓangarorin injin, shi ya sa birenbos ke ta ƙara mai don ya cike giɓin, kuma tunda ɓangare biyun ne tare to a nemi matsalar a inda suka haɗa hanya. Ya kwance babban tiyon da ya taso daga iya kilina, ta sama lafiyarsa ƙalau, amma da ya lanƙwasa shi sai ga tsaga ta buɗe a ƙasa cikin ninkin robar kamar bakin kifi. Ta nan iska ke shiga ba tare da sensa ta ƙirga ta ba. Ita kanta sensar iskar da ya ciro, siraran wayoyinta sun yi futu-futu da ƙurar hunturu, ya fesa mata maganinta ya bar ta ta bushe, ya ce ba a goge ta da tsumma ko fetur.

Sai maganar P0420, wadda a kanta aka so fasa min salansa. Ya shiga ƙarƙashin motar da tocila ya kira ni, ya nuna min baƙin tabon hayaƙi a mahaɗar bututu gab da sensar baya, gasket ɗin wurin ya ƙone, iskar waje na shiga tana rikita sensar har ta ce indomi ta mutu alhali da ranta. Oga da kansa ya ce in bi yaronsa Ƙofar Ruwa in sayo tiyo da gasket da hannuna, kuma tsofaffin kayan a leda aka miƙo min. Suka ce in yi kwanaki ina hawa, cikin gari da babban titi, kafin mu tabbatar. Na je Doguwa na dawo, wuta ba ta sake kamawa ba, silo ya zauna, mai ya koma yadda na san shi.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne motoci nawa ne a garin nan aka fasa wa salansa a kan tiyon roba ko gasket? Ka tsaya a goslo da yamma idonka na yaji maƙogwaro na ƙaiƙayi, yara masu talla da 'yan adaidaita su ne ke shaƙar hayaƙin nan tun safe har dare. Bakanike da yawa sun sayi kwamfuta amma iyakar saninsu goge lamba, ba mai zama ya karanta abin da take faɗa, mai mota kuma a yi ta sa shi sayen kayan da lafiyarsu ƙalau har ya gaji ya sayar da motar a wulaƙance. Kuma babu wata hukuma ko ƙungiya da na ga tana tambayar inda indomin mutane ke tafiya.

Oga, Allah ya ƙara kasuwa, ya yi wa yaron nan albarka ya ba shi nasa garejin. Kafin damina zan kawo muku ita ku duba min giyar fowil ɗin, ta fara wuyar shiga.