Amsa ga 'yar'uwata da ta tambaye ni batun bazde na shekara ɗaya

Assalamu alaikum Maman Beby,

Kin tambaye ni a gaban jama'a, shi ya sa nima zan amsa miki a gaban jama'a, don na san ba ke kaɗai ba ce da wannan damuwar. Kin ce 'yarki za ta cika shekara ɗaya wata mai zuwa, kuɗin hannunku ba yawa, kina ganin yadda wasu ke kama hol su cika shi da balan-balan da mai hoto da dije, kina jin kamar in kika yi ƙarami kin tauye wa yarinyar haƙƙi, har kina tunanin ko ki ci bashi. To dan Allah ƙanwata kar ki ci bashin nan. Ki zauna ke da maigidan ku faɗi abin da za ku iya cirewa ba tare da an taɓa kuɗin abinci ko na asibiti ba, ku rubuta shi a takarda, sannan ne za a fara maganar me za a saya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kinga yarinyar nan ba za ta tuna komai ba, ko kaɗan. Yawancin mutane ba sa iya tuna abin da ya same su kafin su kai wajen shekara 3, don haka duk dekoreshan ɗin da za a kashe kuɗi a kai manya ne za su gani, ita abin da ta sani a ranar shi ne ta ƙoshi, ta yi barcinta, tana jikinki. Kuma ban ce bikin ba shi da amfani ba fa, yana da shi sosai, ke da mahaifinta kun yi shekara guda kuna raino, ga rashin barci ga zazzaɓin haƙori ga zuwa rigakafi, ai kun cancanci ku zauna da 'yan'uwa ku gode wa Allah ku yi farin ciki. Amma in kika gane cewa bikin naku ne ku iyaye, za ki ga nauyin ya sauka daga kanki.

Abin da ke cinye kuɗi a irin wannan taro yawan mutane ne, ba kek ba. Kowane mutum ɗaya da kika ƙara ya zo da faranti da abin sha da kujera, in suka yi yawa gida ya kasa ɗauka sai maganar hayar wuri ta taso, daga nan kuma lissafi ya kuɓuce. Ki tsaya a kan kakanni da 'yan'uwa na jiki da ƙawa ɗaya ko biyu waɗanda yarinyar ta saba da fuskarsu. Wannan ma alheri ne gare ta, domin yara a wannan shekarun suna ƙyuya sosai, da yawa tun suna wata 8 ko 9 suke fara gudun baƙuwar fuska, ki tara mata mutum hamsin kowa na miƙo hannu zai ɗauke ta ga sifika na ƙara, wallahi kuka za ta yi ta yi har a watse, ke kuma ki ƙare a ɗaki kina lallashi baƙi na falo.

Sai lokaci, wanda mutane ba sa kulawa da shi alhali kyauta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya har da na rana. Ke kin fi kowa sanin sa'ar da take farkawa da fara'a, to ki sa taron ya fara a daidai nan, awa ɗaya da rabi ko biyu ya isa. In kuma kika sa shi tsakanin abincin rana da na dare, babu wanda zai zo da tsammanin cikakken girki, ɗan abin taɓawa da abin sha ya wadatar, kinga an rage wani babban kashin kuɗi ke nan. Wanda ya ce me zan kawo, kar ki ce a'a don kunya, ki faɗa masa abin da ake buƙata.

Kek kuwa ki yi ƙarami a gida ko ki roƙi wata 'yar'uwa da ta iya, ba sai mai hawa uku ba. Ita yarinyar ɗan gutsure kaɗan ya ishe ta, hukumar nan dai a 2023 ta ba da shawarar a nisanta yara 'yan ƙasa da shekara 2 daga abinci mai yawan sukari da lemon kwalba. In an yi bikin kafin ainihin ranar ta cika wata 12, kar a saka zuma a abin da za ta ci, saboda zuma na iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙa da ita ba tukuna.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau, don ya fi maganar kuɗi muhimmanci a wurina. Balan-balan ita ce ado mafi araha, kowa ita yake fara saya, amma hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi cewa wadda ba a hura ba ko wadda ta fashe tana iya shaƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 8. Ki duba yadda 'yarki take yanzu, tana rarrafe ko tana dafa kujera tana miƙewa, duk abin da ta tsinta a ƙasa da yatsu biyu sai baki. Guntun robar nan in ya manne a maƙogwaro fitar da shi ba wasa ba ne. In za ki sa, ki ɗaure su sama inda hannu ba ya kaiwa, ɗaya ta fashe a tsince gutsattsarin nan take. Haka gyaɗa guda-guda da gugguru da alawa mai tauri, kar a ajiye su a teburin da yara ke kaiwa, inabi kuma a tsaga shi ta tsawo gida huɗu. Sannan ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli da ke cikin katin gaisuwa mai waƙa da ƙananan fitilun ado, in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa 2 kacal, ni dai shawarata kar ma su shigo gidan. Kyandir kuma ke za ki hura mata, ki riƙe hannayenta, don wuta abin sha'awa ce a idonta kai hannu za ta yi.

Ado mai kyau da ba ya cin kuɗi, ki zaɓo hotonta ɗaya na kowane wata tun daga haihuwa, guda 12, a wanko su ƙanana a jera a igiya jikin bango ɗaya. Za ki ga kakanni sun tsaya a wurin suna nunawa suna cewa ji yadda take a nan kamar ba ita ba. Bangon nan shi ne wurin ɗaukar hoto, in yana kusa da taga ma ya fi don haske. Ba ki buƙatar mai hoto na haya, ki ba mutum ɗaya mai waya mai kyau aikin tun kafin ranar, ki ce masa shi ke da alhakin hoto, kuma a ɗauki na iyali tun farko kafin rigar ta ɓaci da kek. Riga ma in tana da mai kyau ko akwai ta yayyenta ki sa mata, sabuwa mai tsada wata biyu za ta yi ta matse ta.

Kayan rabo na baƙi ki bar shi, babu wanda zai yi fushi. Masu son kawo kyauta kuma ki ce musu kaya masu ɗan girma da za ta sa nan gaba, ko littafin yara mai kaurin shafi, in abin wasa ne su duba kwalin, wanda aka rubuta bai dace da 'yan ƙasa da shekara 3 ba a bar shi a shago.

Allah ya raya mana ita, ya albarkaci rayuwarta. In kun gama lissafin ke da maigidan ki sanar da ni mutum nawa kuka tsayar, sai mu duba abin taɓawar da zai ishe su.

Taki,
Anti