Wayar cikin bango ba wurin neman araha ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da magidanta, musamman masu gini da masu shirin kai amarya ɗakinta, tun da ga hunturu ya kawo jiki, lokacin da hita ba ta hutawa a gidaje.

Sana'ata jan wayar wuta ce a gidaje da shaguna. A nan Kano na koya a hannun maigidana, a nan nake yi har yau. Na san halin da ake ciki, ni ma cefane nake yi, don haka ba zan ce a sayi mai tsada a komai ba. Bokiti, tsintsiya, takalmin yaron da zai yi masa kaɗan kafin wata Sallah, duk a nemi na sauƙi, babu laifi. Amma akwai kayan da in sun lalace ba su kaɗai suke tafiya ba. Da gida suke tafiya, wani lokaci har da rai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sai mutum ya zuba tayil ɗan waje, ya yi silin mai ado, ya sa ƙofar ƙarfe ta gani ta faɗa, duk bai yi ciniki mai tsanani ba. Da an zo kan waya sai ya ce, "Malam, a samo mana mai dama-dama, ai a bango za a binne ta, wa zai gani?" Ni kuwa nakan ce masa, "Alhaji, don ba a ganinta ne ya kamata a sayi ta gaske. Tayil in ya fashe ka gani ka canza. Waya tana can tana cin kanta shekara da shekaru, ba ka da labari."

Wayar kirki jan ƙarfe ce zalla, wanda muke kira kofa. Mai arahar da ta cika kasuwa alminiyam ce aka yi wa rufin kofa a sama, ko kuma kofar ce amma aka sirantar da ita, aka kumbura robar don ta cika ido. Alminiyam ba ya ɗaukar wuta kamar kofa, abin da yake ɗauka bai kai kashi 2 cikin 3 ba idan kaurinsu ɗaya. To idan aka ɗora masa nauyin dutsen guga ko hita, sai ya yi zafi. Zafin nan yakan fi yawa a mahaɗa, inda aka ɗaure wayar da ƙusa a bayan soket, domin alminiyam yana da laushi, yana saki a hankali. Sau da yawa na kwance soket na tarar robar bayansa ta yi baƙi ƙirin, tana marmashewa a hannu, alhali fuskarsa fara fes. Matar gida za ta ce maka ta daɗe tana jin ƙauri a ɗakin, ta ɗauka daga maƙwabta ne.

Gane ta ba wuya. A fere robar, a kankare ƙarfen da wuƙa. In fari ya bayyana a ciki, alminiyam ce, a ajiye wa mai sayarwa abarsa. A ɗaga naɗin a ji nauyinsa, na kofa ya fi nauyi nesa ba kusa ba. A duba sunan kamfani da lambar kauri a jikin robar, da tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. Wani abin farin ciki, a nan ba sai an nemi ta waje ba. Wayar da kamfanonin gida irin su Coleman da Cutix ta Nnewi suke yi ta yi suna wurin inganci, shi ya sa ma masu jabu suke satar sunayen irin waɗannan kamfanoni. A je wurin dila da aka sani, a karɓi rasit. Sannan kowane aiki da kaurinsa: mai lamba 1.5 ta fitilu ce da fanka, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki kuwa daga 4 zuwa sama. Duk wanda ya ce zai ja maka gida gaba ɗaya da 1.5 don ya rage maka kuɗi, ba ƙaunarka yake yi ba.

Na biyu shi ne ekstenshan, wannan farin akwatin mai ramuka da yawa da ake tallarsa a baro. Buɗe ɗaya ka gani, wayar da ke ciki ba ta fi zaren ɗinki kauri da yawa ba. A kansa ake jona firji da talabijin da cajar yara, da asuba kuma a ƙara masa hita, a tura shi ƙarƙashin gado kusa da katifa. Fulogi mai fis na amfiya 13 (fis shi ne ɗan abin da ke tsinkewa ya yanke wuta in nauyi ya yi yawa) iyakarsa wat 3,000 ne ko kusa da haka, kuma hita ɗaya tana iya cinye fiye da rabin wannan. Iyayen amare, ina roƙonku, a cikin kuɗin labule da kafet a ware na ekstenshan mai nauyi, mai fis, mai waya mai kauri. Hita kuma a bango ake jona ta kai tsaye.

Gas ba fannina ba ne, amma ina shiga kicin ɗin mutane, ina ganin tiyon ruwa an sa wa tukunyar gas, an ɗaure da kyauron taya. Tiyon gas daban ne, da maɗaurinsa na ƙarfe, kuma kan tukunya mai kyau ba ya huci. A shafa kumfar sabulu a mahaɗa. In ta yi ƙwai, gas na fita.

Ƙwan fitila ma a ƙara ɗan kuɗi a sayi LED na kirki. Tun da aka kai farashin wuta naira 225 kowane yunit ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ware wa wutar aƙalla awa 20 a rana, a watan Afrilun 2024, mai mita ya san bambancin ƙwai mai wat 9 da mai wat 60.

Dole in faɗi gaskiya a kan 'yan'uwana masu sana'a. A cikinmu akwai masu karɓar kuɗin waya mai kyau su sayo jabu, su soke ragowar a aljihu. Wannan cin amana ne, kuma hakkin duk wanda abin ya shafa yana wuyansu. Maigida, kada ka ji nauyin bin mai aikinka kasuwa, ko ka ce a buɗe naɗin a gabanka kafin a zura shi a bututu. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, daɗi ma zai ji.

Ina kira ga hukumar SON da ta riƙa shiga kasuwannin kayan wuta a kai a kai, ba sai an yi gobara ba. Masu gidajen haya kuma, ku tuna ba ku ne za ku kwana a ɗakunan nan ba, 'ya'yan wasu ne. Kafin ku ba da makulli, a kira mai aiki ya kwance ko soket biyu ne a duba bayansu.

Na gode. Allah Ya kare mu daga gobara.

Naku,
Wani mai aikin wayar wuta,
Kurna, Kano.