Koke Kan Cike Kududdufan Cikin Birni da Sare Manyan Itatuwa

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Dala,
ta hannun masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka.

Mu talakawanka mazauna unguwannin gindin Dala muna kawo kuka kan yadda ake cike kududdufai da shara da ɓaraguzai, bayan ɗan lokaci sai a wayi gari an yanka filoti an kafa shaguna.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin asalin waɗannan ramuka. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar ginin gidajen birni da ta ganuwa, wadda Sarki Gijimasu (1095–1134) ya soma. Tun daga lokacin su ne ke shanye ruwan damina. Yau duk inda aka cike ɗaya, ruwan Agusta sai ya bi lungu ya faɗa gidajen mutane, domin kwatar Jakara ba za ta iya ɗauke shi duka ba.

Kuma ba ruwa kaɗai ke cikinsu ba. Akwai tarwaɗa da kwaɗi, akwai gaiwa da ke kwanciya cikin laka har rani ya wuce. Balbela da zalɓe a bakinsu suke kiwo. Da dawowar shamuwa magabatanmu ke sanin damina ta kusa, amma yaran yanzu da yawa a waƙa kawai suka san ta. Ga jemagu, da mutane ke ƙyama: su ne ke yi wa furen kuka da na rimi barbara da dare, kuma ga shi ana ta sare itatuwan da suke kwana a kai.

Masu cikewa na cewa kududdufi matattarar sauro ce, kuma yara na nutsewa. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai ruwan da kifi ke rayuwa a ciki bai kai toshasshiyar kwata haifar da sauro ba, maganin nutsewa kuma katanga ce.

Roƙonmu shi ne a umarci masu unguwanni su ƙidaya kududdufan da suka rage, a hana zuba shara da sayar da su, sannan a isar da kukanmu ga ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Muhalli domin a yashe su a kewaye. Kada kuma a sare kuka, rimi ko tsamiya sai da izinin fada. Matasanmu a shirye suke su yi aikin gayya da dashe.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Mu ne talakawanka,
dattawa, mata da matasan unguwannin gindin Dala.