A rubuta asalin sarakunan Damagaram tun maroƙa na da rai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tsohon malamin lakwal ne a unguwar Birni, nan Zinder. Rasuwar wani dattijon maroƙi maƙwabcina ce ta sa na ɗauki alƙalami, Allah ya jiƙansa. Ran hawan salla yakan tsaya ƙofar fada, ya dafe kunne da hannu, ya jero sarakunan Damagaram da iyayensu mata da kirarin kowa, babu tuntuɓe. Sau nawa ina ce masa, "Baba, zan zo in ɗauki muryarka." Yau da gobe har ƙasa ta rufe masa ido. Laifina ne, kuma yana ci mini rai.

Mutanen Hawayi, tsibiran can tsakiyar tekun Fasifik, su suka faɗo mini a rai. Sarautarsu ta jini ce, ali'i suke kiran masu ita, kuma da ka ake riƙe asali, kamar mu. Suna da waƙar asali mai suna Kumulipo, layi fiye da 2,000, wadda ta faro daga duhun farkon duniya ta gangaro kaka bayan kaka har kan ɗan sarkin da aka yi wa ita. A labarinsu, wani ɗa da aka haifa wa kakansu Wakea bai zo da rai ba, aka binne shi, sai gwaza ta tsiro a wurin. Ƙanensa Haloa shi ne tushen sarakuna. Ba aƙidarmu ba ce, amma dubi yadda suka mai da abincin talaka wan sarki!

Sarki Kalakaua ya sa aka buga waƙar a 1889. Ƙanwarsa Sarauniya Lili'uokalani, da aka tuɓe a 1893, tana tsare ta zauna ta juya ta Turanci, aka buga a 1897. Gadon sarauta ya tafi, sunayen kakanninta kuwa suna nan a takarda.

Mu ma mun ɗanɗana tuɓewa. Faransawa sun cire Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa a 1906, sarauta ba ta koma gidanta ba sai 1923. A tsakani bakin maroƙa ne ya riƙe mana jerin.

Roƙona ga ɗaliban tarihi na jami'ar Zinder da gidajen rediyonmu: ku bi dattawan da suka rage gida-gida, wayar hannu ma ta isa ɗaukar murya. Ɗan abin da na iya tunawa daga bakin marigayin na rubuta a littafin lakwal, shafi shida, duk mai so ya zo Birni ya kwafa.

Naku,
Tsohon malamin lakwal, Birni, Zinder