Godiya ga masu gonar kabewa da suka raya ƙofar gidan Mama

Zuwa ga maigida da uwargida masu gonar kabewar nan da ke hanyar garin Morton, da ɗanku mai tuƙa a-kori-kura,

Gaisuwa mai yawa da fatan kun gama kakar bana lafiya. Da Hausa na rubuto muku don da shi zuciyata ta fi iya godiya, ɗiyata ta ce ita za ta karanta muku da Turanci, kuma ina so 'yan uwana Hausawa da ke nan jihar Ilinoi ta Amurka su ma su ji irin halin da kuka nuna mana.

Ni dai aikina kula da tsofaffi ne a gida, shekara ta huɗu kenan ina tare da wata dattijuwa a wajen garin Peoria, Mama nake ce mata tun ranar farko kuma ta amsa. Ni Musulma ce, Halowin, bikin daren 31 ga Oktoba da yara ke shigar ban tsoro suna bin gidaje neman alawa, ba al'adata ba ce ba addinina ba, a gidana ba ma yi. Amma gidan Mama gidanta ne, kuma mijinta kafin ya rasu shi ne duk ƙarshen Oktoba yake cika filin ƙofar gidan nan da kabewa da fitilu har yaran unguwa su san gidan da suna. Tun da ya rasu filin ya zama ba kowa ba komai, ranar 31 ga wata sai ta sa in kashe fitilar baranda, wanda a nan alama ce ta kada yara su ƙwanƙwasa, ta zauna a duhu tana jin hayaniyarsu suna wucewa. Bana, 2024, tun a Satumba ta ce min tana so a yi ko sau ɗaya ne kafin ƙarfinta ya ƙare. Wallahi jikina ya yi sanyi, na ce Mama za a yi insha Allah, alhali ban san ta inda zan fara ba.

Matsalar filin girma ne. Daga bakin titi zuwa matakalar baranda na ƙirga taku saba'in, ga faɗi, ga babbar bishiyar mapul a gefe guda. Na fara zuwa kanti na sayo 'yan ƙananan kayan roba cike da jaka biyu na jera su a ciyawa, na koma titi na duba, kamar an zuba gero a rairayi, ba abin da ake gani. Maƙwabcinmu kuwa yana da ƙwarangwal ɗin roban nan mai tsawon ƙafa 12 da kantin Home Depot suka fara sayarwa a 2020 kan dala 299, daga nesa kake hango shi ya kere rufin gareji. Mama ta ce ita ba ta son wannan, ba ta son kaburburan ƙarya, ta binne mutane da yawa a rayuwarta ba za ta kafa kabari a ƙofar gida don wasa ba, ni ma hakan ya yi min daɗi sosai.

A haka na zo gonarku ranar wata Asabar da hotunan filin a waya. Uwargida, ke ce kika bar teburin kuɗi da layin kwastomomi kika ba wa yarinyarki, kika tsaya kina jan hoton da yatsa kina tambaya ta ina motoci suke shigowa, ina soket ɗin waje yake, Mama da ƙafarta take tafiya ko da keken marasa lafiya. Ba wanda ya yi min tambayar nan ta ƙarshe sai ke. Kika ce babban fili ba a cika shi da tarkace, wuri uku kawai za a zaɓa a tara kaya masu tsayi da nauyi, ɗaya a bakin hanya, ɗaya ƙarƙashin bishiya, ɗaya a baranda, sai a bar fitilu su haɗa su ido ya bi da kansa har ƙofa. Har kika hana ni sayen wasu abubuwan da na riga na ɗauka a hannu, kayan da ke shagonki fa, kika ce asarar kuɗi ce a filin nan.

Ranar Talata maigida da ɗansa suka zo da kabewa 45 manya da ƙanana, da damman ciyawar alkama guda takwas masu kusurwa huɗu, da karan masara busasshe, da tukwanen furen nan mai ruwan ɗorawa da ja da ake sayarwa lokacin kaka. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda maigida ya ɗaure karan. Ya tsuguna a gindin sandar fitila ya tattaro kara rungume guda ya tsayar, ya zagaya igiya sau biyu a ƙugu ya taka da gwiwa ya ja ya ƙulle, ganyen na ƙara a iska, ni kuma ina tsaye sai ga gonar kakana a gefen Zariya ta dawo min, lokacin da ake yankan dawa a jingine kara tsaye haka a fili. Ban yi zaton zan ga wannan a Amurka ba, sai da na juya na share ido.

Sai kuma fatalwar zani da marigayi mijin Mama ya yi don ado. Mama ta sa na fito da wani akwati daga gareji, ciki tsofaffin zannuwan gado ne farare guda biyar da mijinta ya zana wa idanu da baƙin fenti da hannunsa, wasu har sun yi ja-ja don tsufa. Wani zai ce a yar a sayi sabo. Ɗanku ya karɓe su da hannu biyu, ya hau tsani ya rataye su a rassan bishiya da zaren kamun kifi yadda ba a ganin abin da ya riƙe su, yana tambayar Mama daga sama, nan ne ko can, ita kuma tana baranda cikin bargo tana nuni da sanda tana gyara masa, ya sauko ya matsar da tsani ya fi sau goma bai ɓata rai ba ko kaɗan.

Kun kula da abubuwan da ni ban ma san ana kula da su ba. Wayar wuta duk ta gefen shinge kuka bi da ita kuka danne da turaku, ba ko ɗaya da ta gitta hanyar da yara za su bi ko keken Mama, mahaɗar wayoyin kuma kuka sa su cikin akwatin roba saboda ruwan sama. Kuka ce kada a sa kyandir na gaske kusa da busasshiyar ciyawa da yara masu dogayen riguna, sai na batir. Saƙar gizo-gizon roba da na sayo a kanti maigida ya ce kar a shimfiɗa ta a kan shuke-shuke don tsuntsaye na maƙalewa a ciki. Kuma kika gargaɗe ni kada in fafe kabewa da wuri, wadda aka fafe kwana kaɗan take yi ta fara laushi da funfuna ga kurege na ci, a bari sai saura kwana biyu, kuma a yanke ta ta gindi maimakon ta sama sai a kifa ta kan fitilar. Haka muka yi, ni ina fafewa Mama na zana fuskokin da alƙalami, hannunta na rawa amma ta zana guda shida. A nan take ba ni labari wai kakanninta can ƙasar Ailan da wani tushe mai kama da gwaza suke fafewa, sai da suka zo Amurka suka tarar da kabewa ta fi girma da sauƙin yanka.

Saura kwana biyu aka yi iska da dare, da safe na tarar da karan bakin hanya a ƙasa, zani ɗaya ya naɗe a reshe. Saƙo kawai na tura don neman shawara, ban ce ku zo ba, kafin ƙarfe takwas sai ga motarku, a makon da kuka fi kowane mako ciniki a shekara, don kowa ya san yankin nan gidan kabewa ne, Ilinoi ta fi kowace jiha nomanta kuma masana'antar Libby's da ke sa ta a gwangwani a Morton take. Kuka gyara kuka ƙara turaku, na miƙa kuɗi maigida ya ɗaga hannu ya ce aikin jiya ne bai gama ba.

Ranar Alhamis da yamma na kunna fitilar baranda da hannuna. Yara suka dinga shigowa rukuni-rukuni da 'yan bokitansu, abin ya tuna min da tashe duk da dai ba ɗaya ba ne, Mama na zaune da kwanon alawa da cakulan a cinya tana ba kowa biyu, na ƙirga har 90 na daina. Wani magidanci da ya kawo 'ya'yansa ya tsaya ƙarƙashin bishiyar ya daɗe yana kallon zannuwan, sannan ya zo ya durƙusa gaban keken Mama ya ce yana yaro ya sha zuwa gidan nan, ya gane fatalwar. Ta riƙe hannunsa ta kasa magana. A daren ba ta nemi maganin barcinta ba.

Bayan kwana uku kuka dawo kuka kwashe komai, kabewar da ta lalace kuka ce takin gona za ta zama, ɗanku ya ninke zannuwan ya mayar akwati da kansa. Allah ya saka muku da alheri, ya sa wa gonarku albarka, ya raya muku zuri'a. Uwargida, 'yar ƙaramar kabewar nan mai zaƙi da kika ajiye min daban don na taɓa ce miki muna miya da ita, na yi miyar taushe da alayyahu da gyaɗa, Mama ta ci da tuwon shinkafa har ta nemi ƙari, naku kuma yana firiza, ranar Asabar zan kawo muku.

Taku mai godiya,
mai kula da Mama