Jirgin da ke sauka a ruwa da tudu: idan taya ta maƙale, ba Tiga za a nufa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in gyara wata magana da na ji a majalisarmu ta bayan la'asar a Fagge, inda wani amini ya dage cewa jirgin saman da ke sauka a ruwa da tudu ba ruwansa da matsalar taya, tunda in ta ƙi, matuƙi sai ya nufi madatsar ruwa ta Tiga ya sauka abinsa. Na daɗe ina gyaran ƙananan jirage kafin in yi ritaya, kuma na san rabin maganar nan ne kawai gaskiya.

Irin wannan jirgi, kamar samfurin Cessna Caravan mai sauka a ruwa, yana zaune ne a kan wasu abubuwa biyu masu kama da kwale-kwale, kuma yana da ƙafafu huɗu masu taya waɗanda ƙarfin mai ke naɗewa ko saukarwa. Idan duka huɗun sun naɗe, an kuma tabbatar da haka, sauka a ruwa ba laifi. Amma idan ko ɗaya ta rage a ƙasa, da zarar ta taɓa ruwa sai ruwan ya riƙe ta kamar an taka birki da ƙarfi, hancin jirgin ya nutse, ya kife kafin matuƙi ya ankara. Shi kuwa wanda ya sauka a titin jirgi ko a kan ciyawa da tayoyi a naɗe, galibi abin da zai tarar bai wuce gogewar ƙasan kwale-kwalen ba, wanda aikin makaniki ne.

Saboda haka ƙa'idar masu sana'ar ita ce, duk lokacin da aka yi shakkar inda taya take, tudu ake nufa. Kafin nan matuƙi zai hau sama ya ba kansa lokaci, ya duba fis ɗin famfon lantarkin da ke tura man tayoyin, ya gwada famfon hannu, sannan kada ya dogara ga fitilun da ke nuna inda tayoyi suke kaɗai, kore ta tudu ko shuɗiya ta ruwa, domin ƙwan fitila ma yana mutuwa. Madubin da aka maƙala a waje don ganin tayoyi ba ado ba ne. Ido ne shaida. A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ma yana iya wucewa ta gaban hasumiya a duba masa, ga motocin kashe gobara suna jira, abin da babu a tsakiyar Tiga.

Abin da ya fi damuna shi ne sabo. Yaranmu da ke koyon tuƙi a kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, sun tashi da karatun cewa ba a sauka sai an saukar da taya, kuma wannan karatun da ke tsare su a tudu shi ne zai kifar da su a ruwa, ko da jirgin lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ake sa wa jiragen murya mai faɗar inda tayoyi suke, matuƙi kuma ya faɗa da bakinsa inda zai sauka.

Ina kira ga hukumar kula da sufurin jiragen sama da kada ta bar kowa ya ɗauki fasinja a irin wannan jirgi sai ya yi atisayen fita daga jirgin da ya kife a ruwa. Fasinja kuma a gaya masa tun kafin tashi: ya buɗe ƙofa, ya riƙe gefenta, sannan ya kwance bel, kuma kada ya hura rigar ceto sai ya fito waje, in ba haka ba za ta tokare shi a ciki.

Naka,
Tsohon makanikin jirgin sama,
Fagge, Kano.