Titin da madubin hangen nesa yake juyawa a kai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Rahotonku kan manyan madubban hangen nesa da ke sauraron siginar rediyo daga taurari ya tsaya ga faɗin farantin da ke tattara siginar. Ina so a ƙara wa masu karatu, musamman ɗaliban kimiyya na Jami'ar Abdou Moumouni, abin da ke ƙasa: titin ƙarfe mai da'ira wanda dukan ginin yake juyawa a kai.

Mu ɗauki na Green Bank a Amurka. Farantinsa mita 100 ne, nauyinsa ya haura tan 7,000, kuma taya 16 ne ke ɗauke da shi kan titin da faɗin da'irarsa ya kai mita 64. Ana auna saitinsa da sakan na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri guda. Faɗin cikakken wata a sama ya kai sakan 1,800. Idan yana sauraron siginar rediyo mai tsawon zango milimita 3, wurin da yake gani a sama bai wuce sakan 7 zuwa 8 ba, ƙa'idar masu aikin kuwa ita ce kuskuren saiti kada ya zarce kashi ɗaya cikin goma na wannan. To a yi lissafi: in gefe ɗaya na titin ya fi ɗaya gefen tudu da milimita 0.3 kacal, ginin ya karkata da sakan guda. An riga an ƙetare iyaka.

Ba wanda zai iya shimfiɗa ƙarfe ya zauna daidai haka har abada, kuma ba a buƙata. Tudu da kwarin da ke nan kullum ba su da wuya. Ana kafa na'urar auna karkata, a juya ginin zagaye cikakke, a rubuta yadda ya jirkice a kowace kusurwa, sai kwamfuta ta riƙa gyarawa. Daga nan a gwada da taurarin da aka san matsayinsu sarai.

Abin tsoro shi ne kuskuren da ke canzawa. Duk sa'ar da taya ta haye mahaɗar faifan ƙarfe biyu, bakin yana lotsawa, kusoshi su saki, tsaga ta fara, taswirar karkatar da aka auna bara ta tashi daga aiki. Haka ta faru a Green Bank har aka sake titin a 2007. Madubin tsibirin Sardiniya a Italiya, shi an yi wa titinsa walda gaba ɗaya don a rabu da mahaɗa.

Sai zafin rana. Mita ɗaya na ƙarfe yana miƙewa da milimita 0.012 a kowane digiri na zafi. Ginshiƙi mai mita 10 da ya fi ɗan'uwansa na inuwa zafi da digiri 5 ya ƙaru da milimita 0.6. Shi ya sa aikin da ya fi tsanani ake barinsa sai dare, in iska ta kwanta.

Na gode,
Wani injiniya, Yamai